Rufin Motar Malam Garba

Ban taɓa mantawa da ranar da aka yanke rufin motar Malam Garba ba. Ina aji uku a sakandaren 'yan mata a lokacin, muna hutun ƙarshen zango, damina ta kusa. Na rubuta wannan ne saboda sababbin masu koyo a garejin Baba, waɗanda ke tambaya me ya sa nake zagaye kowace mota ina buɗe ƙofofinta kafin a sallame ta.

Garejin yana ƙofar gidanmu a Nassarawa, cikin Birnin Kebbi. Baba ne mai gareji, shi ke yanka da walda. Ƙanensa, Kawu Sani, shi ke bi masa, yana buga ƙarfe da fenti. Ni aikina almakashi: yanka roba daga tsohuwar tayar ciki, da ɗinka yadin cikin mota. Da yake ni 'yar fari ce, Baba ba ya faɗin sunana, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye. Sai ya ce wa Kawu, "A ce ta rage faɗin robar nan," ko da ina zaune kusa da ƙafarsa. In ina da amsa, Kawu nake gaya wa.

Malam Garba Bakabe ne daga Argungu. Fadamar da ya gada ya sayar ya sayi wata doguwar farar mota, yana ɗaukar masunta da 'yan albasa. Damuwarsa manyan gorunan da masunta ke shiga ruwa da su. Sun fi ƙarfin ƙofa, in kuma an ɗaure su a sama sai reshe ya fasa su. Ya ce a raba masa rufin gida biyu, a riƙa cirewa ranar lodi, a mayar in hadari ya taso. Kakan Baba Bakatsine ne, don haka akwai wasan Kabawa da Katsinawa tsakaninsu.

"Bawana," in ji Malam Garba, "in ruwa ya taɓa min rawani, sai na saishe ka kasuwar Argungu."

"Wa ka sayen kaya hannun mai ƙarnin kifi?" in ji Baba.

Ga yadda aka yi aikin. Aka cire yadin ciki, aka ja layi da alli, aka yanka da zarto don kada wuta ta ƙona fenti. Aka zagaye bakin kowane murfi da siririn ƙarfe, aka sa sakatu huɗu huɗu. Amma a ƙarƙashin rufin akwai wani ƙarfe da ya gitta daga ginshiƙin dama zuwa na hagu, tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Baba ya so ya bar shi. Malam Garba ya shiga bayan motar ya ɗauko gora, ya gwada, ya ƙi wucewa.

"To mi anka yi ke nan? Katsinawa da tsoro! Yanke shi."

Baba ya daɗe yana shafa ƙarfen da tafin hannu. Mutane suna kallo, suna dariya. Ya yanke.

Kwana uku na yi a cikin motar ina manna roba. Ina shiga da fita ta ƙofar baya ta hagu, har na san muryarta. Ranar farko da yatsa ɗaya take rufuwa, kuma ɗan ƙaramin yatsana yana shiga tsagar da ke tsakaninta da ginshiƙi. Rana ta uku, bayan an tura motar zuwa inuwa inda ƙasa ba ta daidaita ba, sai da na sa kafaɗa. Na gwada yatsana a tsagar, ko farce bai shiga ba. A saman ƙofar kuma fenti ya yi wani ɗan layi kamar gashi.

Ranar Kawu Sani ba ya nan, ya tafi Sakkwato cika tukunyar gas. Na fito na tsaya bayan Baba, almakashi a hannuna. Na buɗe baki. Maza bakwai ne a wurin, kowa hankalinsa na kan gwajin ruwa, domin yoyo shi ne abin da kowa ke tsoro. Aka kwara bokiti shida a kan rufin. Malam Garba ya shiga ya shafa ko'ina, ya fito da hannu busasshe.

"Wa ya yi robar ga?"

"Yaran gida," in ji Baba, yana kallon wani wuri.

Aka yi ta sa albarka. Na koma cikin gida. Na ce a raina in Kawu ya dawo zan faɗa masa. Kafin ya dawo mota ta kama hanyar Argungu, ni kuma na ce wataƙila idona ne.

Bayan mako biyu wata babbar mota ta jawo motar Malam Garba zuwa garejinmu. A hanyar Augie ne, an cire murafen, an cika ta da buhunan albasa, ta faɗa wani kwari. Ta lanƙwashe a tsakiya kamar tsohon jaki. Gilashin gaba ya tarwatse, ƙofofi huɗu suka ƙi buɗuwa, ta sama aka zaro mutane. Ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa ta karye a hannu.

Baba ya shiga ƙarƙashinta da fitila, ya fito ya kashe fitilar. Kowa ya gane ƙarfen da aka yanke ne sanadi. Malam Garba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

"Malam Audu, ni nac ce a yanke," ya ce. "Allah ya ƙaddara."

Tunda nake ban taɓa jin ya kira Baba da sunansa ba sai ranar.

Da yamma ina share garejin, Baba na zaune a kan benci ya juya wa ƙofa baya. Ba kowa sai mu biyu. Ya yi magana kamar da bango yake.

"Wadda ta kwan uku cikin motar nan, ba ta ga komi ba?"

Na faɗa masa, ina kallon tsintsiya. Ƙofar, yatsana, layin fentin. Aka kira magariba. Da zai tashi ya ce, "In an sake gani, a buga almakashi a ƙarfe sau uku. Zan ji."

Malam Garba yanzu ƙwadago yake yi a fadamar da ya sayar. Kawu ya gan shi can da lauje. Murafen biyu suna jingine a bayan garejinmu, damina biyu ta wuce a kansu, robar ko ɗagowa ba ta yi ba.

Abin da na koya shi ne rufin mota ba inuwa kaɗai yake yi ba, shi ke riƙe da ƙugunta, kuma duk abin da ka yanke a sama sai ka rama shi da ƙarfe a ƙasa. Na kuma koyi cewa a wannan sana'a mai mota yana iya matsa maka, mutane su yi maka dariya, amma mota ba ta san wasa ba, ba ta san kunya ba. Sau biyu na buga almakashin tun daga lokacin. Duk sau biyun Baba ya ajiye abin da ke hannunsa ya taso, bai dube ni ba, ya dubi inda nake nunawa.