Giginyar da Ta Fi Inuwarta Tsawo

Iya, mahaifiyar babana, ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo an bar murhu da garwashi. Tsakanin magariba da isha'i ne lokacinta. Takan jawo kujerarta 'yar tsugunne zuwa ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Idonta ya soma dushewa a lokacin, amma kunnenta ba ya kuskure, ko ƙwaya ɗaya ka zara kafin ta gasu sai ta kira sunanka. Ni sunanta na ci, saboda haka Takwara take ce mini. 'Ya'yanta kuwa, da ba sa iya kama sunan mahaifiyarsu, Uwani suke kirana.

Ɗakin nan kakanmu ne ya gina mata da hannunsa, soron ƙasa mai kauri, sanyi kamar randa ko da rana ta take. A ciki ta haifi 'ya'yanta takwas. Jerenta na tasoshi da kwanoni yana nan tun na aure, kowanne ta san wanda ya ba ta. Yamma da ɗakin akwai wata tsohuwar giginya, doguwa, ta ɗan karkata gabas, wato wajen ɗakin.

Abin da zan faɗa ya faru ne a hutun bazara, ina aji uku a makarantar 'yan mata, lokacin ba a yanke mana jihar Neja ba. A zangon da muka gama an koya mana lissafin alwatika mai kusurwa a tsaye, sayin da kos da tan, kuma na tsane shi kamar me. Malaminmu haddar dole yake sa mu, wadda ta manta ta sha rula a bayan yatsu. Sai a makon ƙarshe, da ya fitar da mu fili muka auna sandar tuta, abin ya shiga kaina. Ashe ba wani sihiri ba ne. Ka tsaya nesa da abu mai tsawo, ka san nisan da ke tsakaninku, ka auna kusurwar da idonka ya ɗaga kafin ya kai ƙolinsa. Tan na wannan kusurwa yana nan a littafin tebur, wato jadawalin lissafi, shi ne tsawo a raba da nisa. Ka ninka shi da nisanka, tsawo ya fito ba tare da ka hau komai ba. Na dawo gida ina ji da kaina.

Babana yana aikin malamin gona a Beri, don haka gida yana hannun yayansa, Baffa. Baffa yana gina sabon ɗaki yana neman azara kafin ruwa ya sauka, idonsa ya faɗa kan giginyar. Masu sara biyu suka zo suka duba, babbansu ya ce tun da gabas ta karkata, gabas za ta faɗi, ba mai juya ta. Ya ƙara da cewa, “Maigida, itacen nan dogo ne fa.”

Baffa ya ce ba wata matsala, shi ya san yadda ake auna bishiya tun suna yara. Kowa a gidan malamai irin namu ya san cewa a tsakiyar bazara, idan la'asar ta shiga, inuwar abu takan yi daidai da tsawonsa. Da haka kakanninmu suke gane lokacin salla: mutum ya tsaya a rana ya auna inuwarsa da tafin ƙafarsa, idan ta kai bakwai, tsawonsa ke nan, la'asar ta yi. To Baffa sai ya zauna jiran kiran salla. Ladan yana ɗaga murya ya tashi ya bi inuwar giginya zuwa ƙarshenta, ya kafa turke. Turken bai kai bangon Iya ba, da sauran taku uku masu kyau. Ya kakkaɓe hannu ya ce gobe da safe a sare.

Ni ina tsaye a rana ina kallo, sai na duba ƙasa na ga inuwata guntuwa. Na auna ta da ƙafata: biyar, ba bakwai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekarar da ta wuce wani Alhaji ya kawo wa masallacin unguwarmu agogon bango daga Makka, tun daga nan ladan ya daina fita auna inuwa. Agogon gudu yake yi, kowa ya sani, amma wa zai ce agogon Makka ya yi ƙarya? Kiran ya riga lokaci, inuwa ba ta gama miƙewa ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko ma'aunin kusurwata na makaranta, na ɗaura masa zare da tsakuwa, na manna masa karan alkalami don leƙe. Na auna igiyar guga da rula, na ja ƙafa arba'in daga gindin giginyar. Kusurwa ta ba ni digiri hamsin da biyu. Na buɗe tebur, tan ɗinta ɗaya da ɗigo biyu da takwas. Na ninka, na ƙara tsawona daga ƙasa zuwa ido, na samu ƙafa hamsin da biyar. Daga gindin zuwa bangon Iya kuwa arba'in da shida ne. Sau uku na sake, amsar ba ta canza ba.

Na sami Baffa a zaure bayan ya dawo daga masallaci, na durƙusa na miƙa masa takardar. Ko karɓa bai yi ba.

“Uwani, mine ne wannan?”

“Baffa, giginyar ta fi inda aka kafa turke. Za ta faɗa kan ɗakin Iya.”

Ya dubi masu saran, suna zaune suna shan fura, ya yi dariya. “Kun ji boko ko? An ba ta zare da tsakuwa, ta zo ta koya wa rana aikinta. Tashi ki ba ni wuri. Abin da ubana ya yi salla da shi shekara sittin, shi za ki gyara da takarda?”

Har yau idan na tuna dariyar nan raina yakan ɓaci. Ba awon ubansa na zo gyarawa ba, shi ne bai yi awon ba. Amma ina da shekara goma sha biyar, ina durƙushe a gabansa. Na tashi na tafi wurin Iya ina kuka na zayyana mata komai. Ba ta tambayi takarda ba, abu ɗaya ta tambaya.

“Inuwarki nawa kika samu, Takwara?”

“Biyar.”

Sai ta ce in je in taya matan gida kwashe tuwo.

A daren nan Iya ta yi abin da ba ta saba ba. Ta aika aka ce wa Baffa ya kawo akushinsa ƙofar ɗakinta ya ci a nan, ta yi marmarin ganinsa. Ya zo ya zauna a kan buzu. Ta gyara garwashi, ta ɗaga murya fiye da kullum.

“Ga ta nan tahe, mai kunne ya matso.”

Muka ce, “Ta iso, mun ba ta wuri.”

Ta ce wai mikiya ce ta sure ɗiyar wani maƙeri, ta ɗora ta a kan wani dutse mai santsi wanda ba ya hawuwa. Yarinyar tana da yayye uku, kowa ya ce zai haɗa tsani ya sauko da ita. Babban ya auna inuwar dutsen da sassafe, ya same ta har bayan gari, ya shiga daji saran itacen da zai kai haka, har yau bai dawo ba. Na biyu ya auna da rana tsaka, ya haɗa ɗan tsani kamar na hawa rumbu, mutane suka yi ta dariya. Na ukun ya fi su wayo, ya san akwai lokacin da inuwa take faɗin gaskiya, sai dai ƙyuya ta hana shi tsayawa a rana ya jira. Ya je ya ce wa zakara idan lokacin ya yi ya yi masa cara. Zakara kuwa ya hangi tsaba, murna ta kama shi, ya yi cara tun lokaci bai yi ba. Saurayi ya auna, ya haɗa tsani, ya hau har ƙarshe, ya miƙa hannu, ƙanwarsa ta miƙo nata, ba su haɗu ba. Daga ƙarshe uwarsu ce, gurguwa, ta ja jiki ta kafa sandarta a rana, ta zauna tana gadi har inuwar sandar ta yi daidai da sandar. A wannan lokacin ta sa aka auna ta dutsen, aka haɗa tsanin da ya kai.

Iya ta juya fuskarta wajen da take jin motsin akushi. “Shi na ukun nan shi ya hi ba ni haushi. Yana da inuwa tashi ta kanshi, ya tahi tambayar zakara. Ya auna tashi tukuna mana.”

Ni na gane. Har matan gida da ke wanke-wanke sun tsaya. Baffa kuwa ya suɗe hannu ya yi gyatsa ya ce, “Iya, ai wannan tun muna yara kike yi muna ita. Da ita ma na auna giginya yau.” Ya yi mata sai da safe ya tafi masallaci.

Na jira ta kira shi, ba ta kira ba. Ta rufe tatsuniyar a gajarce, ta ce ta ƙare, kowa ya kwashi gyaɗarsa. Na roƙe ta ko jerenta ne mu fitar, ta ce ba za a taɓa ko cokali ba, fitar da kaya daidai yake da shelar cewa ɗanta bai san abin da yake yi ba.

Da safe ta ɗauki tasbaharta kawai, ta ce in raka ta maƙwabta gaisuwa. Muna zaune a can muna jin gatari. Da hantsi aka yi wata ƙara, ƙasa ta girgiza, sannan muka ji ihun mata. Iya ba ta ko motsa ba, bakinta kawai ke salati. Ni na ruga. Kan giginyar ya wuce turken Baffa, ya ratsa rufin ɗakin ya zauna a tsakiyarsa. Bangon yamma ya rufta ciki. Tasoshin sun lanƙwashe, kwanonin sun tarwatse, gadonta yana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗuwar ƙona mini rai. Maƙwabta suka cika gida suna jaje, kowa yana cewa ƙaddara ce, an gode Allah ba kowa a ciki. Baffa ya ce iska ce ta tura ta, alhali ko ganye bai motsa ba ranar. Iska tana ƙara wa itace ƙafa tara? Ba wanda ya dube ni. Da na buɗe baki, mahaifiyata ta matse mini hannu har sai da farcenta ya shiga. Da yamma na ɗauki igiyata na auna gungumen a kwance, na haɗa da kututturen da ya rage. Hamsin da biyar, ba ko ɗaya da ya ɓata, kuma ban ji daɗin komai ba.

Aka mayar da Iya sabon ɗakin Baffa, aka rufa shi da kwano don sauri. Zafi ya hana ta barci, ruwan sama ya hana ta jin magana. Kafin in koma makaranta na tsare ta.

“Iya, kin sani. Me ya hana ki faɗa masa kai tsaye?”

“Na gaya mashi, Takwara.”

“Tatsuniya kika yi masa!”

“Shi ne babba a gidan ga. In na ce mashi bai iya ba, gaban matanshi da 'yan aikinshi, da wane ido zai sake dubansu?”

“To ke yanzu ina ɗakinki?”

Ta lalubo hannuna ta riƙe, ni kuma na zare, abin da nake nadama har gobe.

Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi bayan haka, na kuma yi ta juya tatsuniyar a raina. Ta fuskar awo ba ta da aibu. Sandar gurguwa ita ce kusurwar digiri arba'in da biyar, inda tan yake ɗaya cif, tsawo da inuwa su zo daidai. Iya ta san wannan ba tare da tebur ba, kuma ta san sharaɗinsa: ka tabbatar da abin da ke hannunka kafin ka yanke hukunci a kan abin da ba ka iya taɓawa. Da girma ya zo mini na fahimci ma irin son da ya sa uwa ta zaɓi rasa ɗakinta a kan ta kunyata ɗanta. Na fahimta, amma ban yarda ba. Karar da ta yi masa ba ta koya masa komai ba, har ya bar duniya yana ba da labarin iskar da ta kayar da giginya. Ita kuma ta yi shekara biyu a ƙarƙashin kwanon nan, ba ta sake hura wutar tatsuniya ba, ta ce ƙofar ba ta da wurin zama. A ɗakin ta rasu, ina makaranta, ban samu na mayar mata da hannuna ba.