Hular Malam a Teburin Karta

Mu dai ba caca muke yi ba. Wannan sai da muka tabbatar wa kanmu tun ranar farko, don mu huɗun da ke haya a wani bene a unguwar Sentul, can ƙasar waje, duk ɗaliban babban digiri ne daga Arewa, kuma kowa yana ji da addininsa. Da gyaɗa muke buga poka. Ranar Asabar bayan la'asar sai a shimfiɗa leda a falo, a yi tapau, wato a sayo shayi a ƙunshe, daga shagon abincin mamak da ke ƙasan benen, a auna wa kowa gyaɗarsa. Dokar ba wuya. In katinka mai kyau ne ka ƙara gyaɗa, in kana shakka ka bi ko ka ajiye, in kuma ba ka da komai ka yi burga har sauran su tsorata su ajiye.

Kowannenmu da halin da ke kayar da shi. Mutumin Gusau, mai karatun injiniya, da ya ga sarakuna biyu a hannunsa sai "Alhamdulillah" ta suɓuce masa, mu kuwa mu ajiye namu mu bar shi da godiyarsa. Bakatsinen cikinmu ya iya burga, sai dai yana gama tura gyaɗa za ka ga leɓensa yana motsi, istigfari yake yi. Ni a lokacin ina ganin ba ni da wani aibu, ban da taurin kai.

Na huɗunmu shi ne Malam. Ya ba hamsin baya, kuma shi ya koyar da yayana a kwaleji. Ya bar iyali a Zariya ya zo neman digirin dakta, ga shi shekarar ƙarshe ta tallafinsa ta shigo. In bai kare kundinsa ba a wannan shekara, zai koma hannu rabbana, ya zauna ƙarƙashin yaran da ya koyar. Da yake fanninmu ɗaya, ni yake ba babi-babi in karanta kafin ya kai wa mai duba aikinsa.

Malam in zai yi burga sai ya tura hularsa baya da yatsa ɗaya. Duk mun sani. Amma wa zai dubi mai furfura ya ce a buɗe kati, a gani ko ƙarya yake? Da hula ta koma ƙeya sai mu ajiye ɗaya bayan ɗaya, har da girgiza kai, muna cewa, "Malam, yau ma ba dama." Kara muke yi masa. Shekara biyu yana kwashe gyaɗarmu, har ya fara yi mana lacca a kan karantar fuskar mutum. Mukan saurara da ladabi.

Wata Asabar mai gidan da muke haya ya zo duba famfon da ke yoyo. Basine ne, dattijo mai gajeren wando da son hira. Ya ga karta, ya tambaya ko akwai wurin mutum ɗaya.

"Boleh," in ji Malam, wato babu laifi da yaren garin, yana murmushin wanda aka kawo wa nama har gida.

Zagaye na farko hula ta koma baya. Mu uku muka ajiye kamar yadda muka saba. Mai gida ya bi. Aka buɗe, babu komai a hannun Malam. Na ji kunya kamar ni aka kama. Aka sake, aka kuma, kafin shayi ya huce gaban Malam ya zama fili, mai gida kuma yana ta ɓare ribarsa yana ci.

Da ya tashi tafiya sai ya dafa kafaɗar Malam, ya ce masa da Turanci cikin raha, "Uncle, hular nan taka ce ke tona ka, lah. Kowa na gani." Ya nuna mu da haɓa. "Su ma suna gani. Yaran kirki ne."

Ya fita da maganar famfo a bakinsa. Mutumin Gusau ya tuna yana da alwala da zai sabunta, Bakatsine ya bi shi riƙe da kofuna. Aka bar ni da Malam da ɓawon gyaɗa.

Malam ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka maganar kartar zai yi, har na shirya ba shi haƙuri.

"Ƙanina," ya ce, "babi na huɗu da na ba ka wancan makon. Ka ce ya yi."

"Ya yi mana, ranka ya daɗe."

Babin bai yi ba. Sakamakon da ke ciki bai amsa tambayar da shi kansa ya kafa a farkon kundin ba, kuma masu jarrabawa ba yaran kirki ba ne. Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni.

"Sauke hannunka daga tabarau," in ji Malam a hankali. "Kai in za ka faɗi abin da ba shi ne ba, sai ka gyara tabarau. Tun zuwanka nake gani. Na ce yaro ne, kada in kunyata shi."

Ashe ni ma kara ake yi mini. Na sauke hannun. Ya cire hularsa ya ajiye a kan karta, ya jawo kwamfutarsa ya juyo ta gabana.

"To, karanta mini shi yadda Basinen nan zai karanta."

Har aka kira magariba muna shafi na uku. Sau biyu ya tashi ya je taga ya dawo, sau ɗaya ya ce ba ni da tarbiyya. Babin nan sai da ya rushe shi ya sake gini, ya rame, ya daina yi mini magana na ɗan lokaci. Ya kare kundinsa dab da ƙarewar tallafin, aka ba shi gyare-gyare masu yawa, amma aka ba shi digirin.

Asabar ta ƙarshe kafin ya tafi gida ya zauna wasa da hularsa. Can tsakiya ya tura ta baya, ya turo gyaɗarsa gaba ɗaya, ya kafe ni da ido. Na tattara tarbiyyata na ajiye gefe, na ce a buɗe. Sarakuna uku ne a hannunsa.