Shekarar Da Muka Hutar Da Inna

Inna, mahaifiyata, ta shekara ashirin da wani abu tana sayar da soyayyar gyaɗa da godogodo, wato gero da ake damawa da nono, a bakin wani gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Kafin nan auduga ta tsinta a Jazira tun tana budurwa, har bayanta ya ɗan rusuna. Kullum da hantsi take fita daga gidanmu a Alhilla Kuku, ta naɗe tob ɗinta, wato lafaya, ta ɗora bokiti a ka, ta hau hafila, wato bas, ba ta dawowa sai la'asar. Makanikai Hajja suke ce mata, ko da yake ba ta taɓa ganin Makka ba. Idan biyu suka yi faɗa a kan sifana, gabanta ake kai ƙara, ta yanke hukunci tana dama godogodo, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

A shekarun farko na mulkin soja yayana ya samu buɗi. Ya tsayar da gemu, ya shiga harkar kayan gyaran mota, ya gina gidan siminti a Omdurman. A lokacin ne kuma aka matsa wa mata masu talla da kasha, wato samamen da 'yan sanda ke yi suna kwashe tukwane da kujeru, domin an gano cewa abin da ya hana ƙasar ci gaba shi ne tsofaffi masu sayar da shayi da gyaɗa. Wata rana aka tafi da bokitin Inna. Ita ko a jikinta. Washegari ta wanke bokitin wanki ta fita da shi. Amma labari ya kai kunnen Yaya ta bakin wani abokin cinikinsa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, musamman ta bakin da ya fito.

Ranar Juma'a ya tara mu. Ya yi jawabi mai tsawo a kan haƙƙin iyaye, har da ayoyi. Muka yanke shawara baki ɗaya cewa Inna ta gaji, dole ta huta. Na sa baki a ciki, ba zan ɓoye ba. Inna tana zaune a tsakiyarmu, amma ba mu ga dalilin wahalar da ita da tambaya ba.

"Wa ya ce muku na gaji?" in ji ta.

"Inna, ai ke ba za ki sani ba," in ji Yaya. "Mu muke ganin ki."

Aka kai ta Omdurman. Ɗakin da aka ba ta yana da fanka, da katifa mai taushi, da talabijin, da taga mai kallon katangar maƙwabta. Aka kai ta wurin likita, ya hana ta gishiri da mai da kofi da sukari. Na sukarin ma gwamnati ta riga shi, tunda a lokacin da kati ake raba shi, kuma rabon gida guda bai isa ya ba ƙuda ciwon sukari ba. Sai dai gidan Yaya akwai sukari buhu guda a sito, don haka aka sa wa siton kwaɗo.

Matar Yaya mutuniyar kirki ce, kuma kirkin nata ne ya kusa gamawa da Inna. Inna ta ɗauki tsintsiya, matar ta zo da gudu ta karɓe. Ta doshi madafa, a tare ta a ƙofa: "Haba Hajja, muna raye?" Ko buta ba a bari ta cika da kanta. Ta ce za ta leƙa waje, a ce rana ta yi zafi, ko a ce mutane za su ce ba a kula da ita. Abin da ya rage mata shi ne talabijin, inda sojoji ke waƙa tun safe, su ɗan huta a karanta labarin nasarorinsu, su koma waƙa.

Ni ɗinki nake yi a gida, lokacina a hannuna yake, saboda haka duk Alhamis nakan haye gada in je duba ta. Cikin wata uku ƙafafunta suka kumbura. Ta daina faɗa. Na je mata da riga wadda na karkata wa wuya, ta kalla ba ta ce komai ba. Matar da kan hango zare ɗaya da ya kauce tun daga zaure! Na gaya wa Yaya, ya ce alhamdu lillahi, hutu ne ya fara shiga jikinta.

Sai wata ƙawarta ta rasu a Kuku, wadda suka yi zaman Jazira tare. Wannan kam Yaya ba shi da ayar da zai hana da ita. Ya ce in raka ta, in tabbatar ba ta ci abin da aka hana ta ba.

Da ƙyar na hau da ita hafila. Muka isa gidan bika, wato zaman makoki, ta rungumi mata ta yi kuka na gaske, mai yawa. Da ta share hawaye sai ta waiga ta ga 'yan mata suna gasa kisra, wato wainar dawa marar kauri, tana fitowa da kauri kamar tafin takalmi.

"Ke, tashi nan! Wa ya koya miki? Baƙi za ki ba wannan?"

Kafin in ce wani abu ta zauna a bakin murhu. Kwana uku muka yi. Ta gasa kisra, ta ɗanɗana miya ta ce a ƙara gishiri, ta raba wata gardamar gado tun kafin ta zama faɗa, ta sha kofi da sukari sau uku a gabana tana kallon cikin idona. Ranar komawa ita ce a gaba, ni ina bin ta da jaka.

Da muka isa ta roƙi Yaya ya saya mata rediyo. Ya ji daɗi sosai, ya ce Inna ta fara bibiyar al'amuran ƙasa. Sanarwar mutuwa take jira. Duk sunan da ta ji ya yi kama da na mutanenmu, sai ta riƙe unguwar. Alhamis ina shiga za ta tare ni da fuskar jimami.

"An yi mana rasuwa."

"Wa kuma, Inna?"

"Ɗan ƙanwar matar wanda ya yi mana maƙwabtaka a Jazira. Ɗauko mini tob."

Haka muka zagaye Omdurman da Bahri. Idan mutuwa ta yi ƙaranci, sai mu koma gaisuwar wadda muka riga muka yi, wai ba mu samu babbar 'yar ba wancan zuwan. Kumburin ƙafa ya saɓe. Faɗa ya dawo, ni na fara shan sa. Yaya kuwa ya ce mini wata rana, cikin damuwa ta gaskiya, "Dangin nan namu bana suna mutuwa da yawa." Na ce sai addu'a.

Asiri a unguwar Dar Salam ya tonu. Mun sha tafiya cikin ƙura tsakanin gidajen laka kafin mu ga rumfar maza a ƙofar gida. Inna ta shige wurin mata da kukanta, ta kama wata dattijuwa ta rungume.

"Allah ya jiƙanta! Mace mai haƙuri. Tare muka tsinci auduga, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba."

Dattijuwar ta janye jikinta a hankali ta dube ta.

"Hajja, ƙanena ne ya rasu. Maƙeri ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta gyara tob ɗinta, ta ce, "To, shi ma Allah ya jiƙansa. Wa ke kula da shayin maza?" Wata ta toshe baki da mayafi, wata ta kasa, sai ga gidan makoki ana dariya har da hawaye. Dattijuwar da kanta ta ja ta zuwa murhu, kuma da za mu tafi ta ce lallai mu dawo ranar sadakar uku. Amma a cikin matan akwai wadda ta san matar Yaya, kuma maganar Hausawa ba ta buƙatar hafila kafin ta ƙetare gari.

Ranar Juma'a bayan cin abinci Yaya ya kira mu ɗakin Inna. Ya kashe talabijin. Ni ya fara yi wa tatas, sannan ya juya gare ta.

"Inna, me na rage ki da shi? Faɗa mini. Ana cewa uwata tana bin gidajen mutuwa don a ba ta shayi."

"Ba ka rage ni da komai ba, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

"To mene ne?"

Inna ta ce, "A can ana tambaya ta ko gishiri ya ji. Ana cewa Hajja zo ki duba, Hajja ya za a yi. A nan tun da na zo tambaya ɗaya ake yi mini, ko na sha magani. Ina jin muryoyinku a falo kuna shawara, in na fito sai ku ce in koma in kwanta. Kwanciyar nan tana nan tafe, wadda ba a tashi. Me ya sa kuke so in fara ta tun yanzu?"

Yaya ya tashi ya fita, muka ji ya daɗe yana wanke fuska a bakin famfo.

Bai yarda ta koma gareji ba, kuma a nan yana da gaskiya, gwiwoyinta ba za su ƙara ɗaukar hawan hafila kullum ba. Bayan mako biyu dai ya kawo ta gidana a Kuku da motarsa. Ya sa aka kafa mata rumfar kara a ƙofar gida, ta ajiye faranti da murhu. Ga abokan cinikinsa kuwa ya ce likita ne ya ba da shawarar canjin iska. Likitan ma da ya auna ta ya ga jini ya sauka, ya yaba wa ƙwayoyinsa ƙwarai. Suna nan cikin gwangwani a ƙarƙashin gadonta, ban ce masa komai ba.

Ta yi shekaru da dama a rumfar nan. Ba ta warke daga tsufa ba. Ido ya rage, haƙora suka zube, a ƙarshe sai mun kama ta mu biyu muke fito da ita. Amma matan unguwa suna zuwa da jariransu da ƙorafinsu, ita kuma tana ba kowa amsa, har wanda bai tambaya ba. Yaya yana zuwa duk Juma'a da farar jallabiya mai guga. Da ya zauna take tura masa kwanon gyaɗa ya ɓare. Yakan ce hannunsa zai yi baƙi, yana da baƙi da yamma. Takan ce ya yi sauri, yara sun kusa zuwa saye.