Reshen da Asabe Ta Bari

Asabe ba 'yar Hillat Garba ba ce, aure ya kawo ta. A Jazira aka haife ta, a bukkokin masu tsintar auduga. Almu ya je can aikin kaka, ya tarar da ita tana zage mai awo saboda ya danne mata sikeli da ƙafa, shi ke nan ya ce ya ga mata. Ya kawo ta nan bakin kogi, kusa da Rusairis, gidan uwarsa Iya.

To a tsakar gidan nan akwai magarya. Babba ce, inuwarta ta rufe rabin gida har ta leƙa kan rakuba, rumfar karan da Iya ke wuni a ciki. Iya ita ce mai wankan gawar mata a garin. Kun san ba a yi wa mamaci wanka da ruwa tsura. Ganyen magarya ake dakawa, a kaɗa shi cikin ruwan ɗumi sai ya yi kumfa, da shi ake wankan fari. Duk gidan da aka yi rashi, namiji ne ko mace, kafin a aika wajen liman an aiko gidan Iya ɗibar ganye. Ba a saye, ba a ma yin godiya. Ka shigo da sallama, ka tsinka, ka fita.

Shekara ashirin Asabe tana riƙe wa Iya ƙwarya. Da idon Iya ya tafi, aikin ya dawo hannunta. Ta haifi bakwai, huɗu suka tsaya. Almu ya rasu shekarar da ruwa ya ci gonakin gaɓa. Ita ta ci gaba da toya kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, tana kai wa masu shayi a bakin hanya, tana riƙe da tsohuwa.

Hayaƙin itace ya so ya kashe ta. Tari take yi har ta dafa bango. Babban ɗanta Muntari, wanda ke tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku na haya, a Madani, shi ya zo mata da anbuba, tukunyar gaz ɗin nan, shuɗiya, da murhunta. Ranar mata suka cika gidan kallo. Iya ta shafa ƙarfen da hannu ta ce, “Wagga ita ad da wuta cikinta? To Allah shi sa ba mu za ta dahwa ba.” Shekara shida Asabe tana girki a tsaye kamar matar likita. Tarin ya tafi. Idan gaz ya ƙare a ɗora anbuba a karo, wato amalanke, jaki ya ja zuwa Rusairis, kafin azahar an dawo da ita cike.

Sai yaƙi ya taso. Muntari ya baro Madani da matarsa Huda da 'ya'ya uku da cikin na huɗu. Raksha ta kawo su har ƙofar gida da ɗigon manta na ƙarshe, tun ranar tana nan kaji na kwana a ciki, don man da za a zuba mata ya fi abin da za ta samo. Bayan su ƙanwar Asabe ta iso da nata. Gidan mutum biyar ya koma na goma sha tara. Hanya ta toshe, motocin kaya suka daina zuwa. Sukari ya tashi, man girki ya tashi, albasa ma sai a raba ta biyu a ajiye rabi. Gaz kuwa ya ɓace. Abin da a da yake cika anbuba ya koma bai kai kuɗin jakin da zai kai ta ba. Aka kife ta a gefen rakuba ta zama kujera.

Gawayi ya fi ƙarfin kowa. Dajin bayan gari kuma masu ƙona gawayi sun riga sun aske shi, mace sai ta fita da hantsi ta dawo da la'asar da ɗaurin da bai wuce tukunya biyu ba. Asabe ta ƙona karan dawa har ya ƙare. Ta ƙona kashin shanu. Ta ƙona ƙyauren akurki da ƙafar wani tsohon gado. Baki goma sha tara ba ya jiran a yi shawara. Da safe shayi da kunun yara, da rana tuwo, ga kisrar sayarwa wadda ita ce ke kawo gishiri da sabulu. Wuta uku kullum.

Ran da ta fara ɗaga gatari kan magaryar, ta jira sai da ta ga Iya ta kishingiɗa. Sara biyu ta yi, muryar tsohuwa ta fito daga rakuba.

“Asabe, mi kike sara?”

“Busasshen reshe ne, Iya.”

“Busasshe bai wagga ƙara. Idona ya mutu, kunnena na nan.”

Asabe ta tsaya da gatari a hannu. Can Iya ta ce, “Sari. Amma ki bar mani nawa.”

Haka aka yi ta yi. Reshe guda ya yi kwana huɗu, in an yi tattali biyar. Ɗanyen itace ne, hayaƙi ya fi wuta yawa, tarin Asabe ya dawo. Inuwa ta riƙa janyewa daga tsakar gida har yara suka koma wasa a gindin bango. Wata uku, bishiyar ta zama kamar hannun kuturu, sai reshe ɗaya tal ta gabas, wanda ya kwanto kan rakuba, kore shar. Daga shi ake tsinka in an yi mutuwa, kuma shekarar an yi mutuwa da yawa. Asabe ta ce wa mutanen gida, “Wancan kada wanda ya taɓa.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce don me ba. A wajenmu ba a zancen wankan gawa gaban mai ciki, kuma wace suruka ce za ta buɗe baki ta ce ta ajiye ganyen wankan uwar mijinta, tsohuwa na zaune tana ji?

Huda kuwa yarinyar kirki ce, ba ta da ƙiwuya. Bahaushiya ce uwa da uba, amma tashin Madani, Larabci ya fi zama a bakinta. Can birni in an yi rashi, garin magarya a ƙulle ake sayowa a kanti, ba ta taɓa ganin an tsinko shi a bishiya ba. Masu zuwa ɗiba ta ɗauka na magani suke nema. Iya na son ta, shi ya sa ba ta raga mata. Ita kuma Habboba take ce wa Iya, wato kaka da Larabci.

“Ke Balarabiya, wanga tuwo naki ko kare anka jehwa da shi sai ya yi rauni.”

“Habboba, jiya kin ce ya yi ruwa.”

“Jiya kunu kinka ba ni, yau dutse. Gobe sai ki gwada tuwo.”

Wata Talata labari ya zo cewa motar gaz ta iso Rusairis, za a ba mai anbuba a farashin da. Asabe ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba. In ta samu ko sau ɗaya ne, bishiyar za ta huta har damina, ta yi sabon toho. Ta sayar da tunkiyar da ta rage, Laraba da sassafe ta ɗora anbuba a karon maƙwabta. Ta bar wa Huda itacen da zai kai abincin rana, ta ce kafin azahar tana gida.

Layin da ta tarar ya zagaye kasuwa. Kowa ya zauna kan tasa tukunya cikin rana, in an matsa gaba sai a mirgina ta da ƙafa. Wata mata a bayanta ta ce tun Litinin take zuwa. Azahar ta yi, suka yi salla bi da bi don kada a ci musu wuri. La'asar ta yi. Asabe na hangen motar, har tana iya ganin fuskar mai miƙowa, sai ta ga ya ɗaga hannu biyu ya kaɗa. Ya ƙare. Ba a yi ko hayaniya ba, mutane suka tashi suna jan ƙarfensu. Ta dawo da anbubarta yadda ta tafi da ita, ga kuɗin jaki ya tafi a banza.

Rana na gab da faɗuwa ta shigo gida. Abin da ta fara gani haske ne. Rakuba tana tsaye tsirara, sama a buɗe a kanta, reshen nan babu shi. Sai baƙin fuskoki a tsakar gida, mata biyu da tsoho da yara, suna cin tuwo kamar za su haɗa da kwano. Dangin Almu ne daga wajen Dindir, kwana uku suna tafe a ƙafa, suka iso bayan an sauke tukunyar rana. Awaki biyu na gefe suna ƙarasa ganye.

Huda ta taro ta, hannunta duk ƙaya ta yage shi. Halti take ce wa Asabe, wato inna da Larabci.

“Halti, malesh, ki yi haƙuri. Sun zo yara suna kuka, babu ko kara. Na san kin ce a bari saboda inuwa. Zan ɗinka buhuna in rufa wa Habboba.”

Asabe ta dubi cikin yarinyar, wata takwas, ta dubi hannun. Ta ce, “Kin ci ke?” Huda ta ce ba ta ci ba. Asabe ta ce, “Je ki ci.” Ta gaishe da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, ta tambayi waɗanda aka baro. Sannan ta shiga rakuba ta durƙusa gaban tsohuwa.

“Iya, ba ki ji sara ba?”

“Na jiya.”

“Ba ki hana ba?”

“Na ji sara, na ji kukan ɗiya. Wanne za ni hanawa?” Ta laluba ta kama hannun Asabe. “Kin samo iskan?”

“Ya ƙare kafin a zo kaina.”

“To. Kawo mani ruwa.”

Kwana goma sha ɗaya Iya ta ƙara. Ba ta yi wata jinya ba, ta dai rage ci, tana tura kwanonta wajen yara ta ce ta ƙoshi. Ran Lahadi da hantsi Huda ta kai mata kunu ta tarar ta tafi.

Maza suka tafi haƙa. Liman ya ce a kai ta kafin azahar, don zafi. Asabe ta aika gida gida ko wani ya ajiye busasshen ganye. Wa zai ajiye? Shekara hamsin ana tsinkar ɗanye a gidan Iya. Muntari ya ce akwai magarya a hayin kogi, amma mai kwalekwalen inji ya daina tashi saboda mai, na hannu kuma sai ya cika. Ko ya je ba zai dawo kafin la'asar ba. Wata ta ce a yi da sabulu, ai ya halatta. Asabe ta san ya halatta. Matar da ta wanke matan garin nan kaf da magarya, ita ce za a yi wa da sabulun wanki?

Tana tsaye tsakar gida sai idonta ya kai kan rakuba. Shekara da shekaru reshen nan yana zubar da ganye a kan rufin. Ta ɗauko taɓarya ta ce wa Huda ta riƙe bakin zane, ƙanwarta ta riƙe ɗaya bakin. Ta riƙa dukan karan daga ƙasa. Ƙura ta zubo, da kashin ɓera, da yanar gizo, da 'yan ganyayyaki da suka yi baƙi. Suka zauna suna tsincewa ɗaya ɗaya. A nan Huda ta tsaya da tsinta. Ta dubi ganyen, ta dubi ɗakin da Iya ke kwance, ta dubi dungun bishiyar.

“Halti, na wanka ne?”

Asabe ba ta ɗago ba. “Tsinci, rana na yi.”

Yarinyar ta ci gaba da tsinta, hawaye na sauka a kan zanen. Abin da suka tara bai cika tafi biyu ba. Asabe ta daka shi. Ruwan wankan kuma da guntun da ya rage na reshen nan aka ɗumama shi. Ta kaɗa, ta kaɗa, kumfar da ta taso 'yar kaɗan ce, ja-ja, tana tasowa tana mutuwa. Da ita ta wanke Iya, ita da ƙanwarta, a hankali, dama kafin hagu, yadda tsohuwar ta koya mata.

An dawo daga maƙabarta gida ya cika. Iya ta kowa ce, mutane suka zo daga ƙauyuka huɗu, kuma wanda ya zo gaisuwa ba ya komawa da yunwa. Kwana uku za a yi ana ɗora tukunya. Muntari ya zo ya tsuguna gaban uwarsa, gatari a bayansa.

“Inna...”

“Na sani. Ku sare daga ƙasa, kada ku ɓata.”

Gangar jikin magaryar ta dafa abincin makoki har ran uku, ragowar ta kai su haihuwar Huda. Mace aka samu, aka sa mata sunan Iya. Asabe ta kewaye kututturen da ƙaya saboda awaki, a kansa take alwala don ruwan ya shiga ƙasa. Har yanzu bai yi toho ba.

Bayan suna da kwana biyu wata mata ta yi sallama daga gidan Alamin mai kifi, uwarsu ta cika. Ta shigo da 'yar ƙwaryarta kamar yadda aka saba, har ta kai tsakiyar gida kafin ta tsaya. Asabe na zaune kan anbuba tana tari, tana fifita wutar kashin shanu. Ta ce, “Babu, 'yar nan.” Ta miƙa wa Huda mafici, ta ɗauki mayafinta da guntun sabulu ta bi matar.