Ramar Baba Isufu a Saint-Fons

Tashi daga Clichy-sous-Bois

Na bar gida bayan sallar asuba, wata Asabar cikin Agusta. Bas ta kai ni tashar jirgin unguwa, daga nan na isa babbar gar ɗin Paris, wato tashar jirgin ƙasa. Dalilin tafiyar shi ne Baba Isufu, aminin mahaifina, mutumin Maraɗi da ya yi ritaya daga masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da Lyon. Ya shuka rama a ɗan lambun da ƙungiyar unguwa ta ba shi, ganyen ya soma yin rawaya, kuma wani maƙwabci ya kai ƙara cewa wiwi ce. Kwamitin lambun zai zauna ranar, kuma idan ya yarda da ƙarar, za a karɓe filin. Ni aikin gona na karanta, shi ya sa ya kira ni.

Lyon

Jirgin ya yi awa biyu. Na yi tafiyar ina jin zafin abin: dattijon da bai taɓa shan ko taba ba, a ce shi ake tuhuma. Wata bas ta sauke ni Saint-Fons, inda warin masana'antu ya fara tarbata kafin Baba.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, bar zancen kwamiti tukuna. Zo ka ga marar lafiya."

Na durƙusa na duba. Tsofaffin ganyen ƙasa lafiya lau suke, saboda haka ba yunwar taki ba ce. Sababbin na sama ne suka yi rawaya, jijiyoyinsu kuma kore shar. Ƙasar baƙa ce, ta sha takin doki da ruɓaɓɓen ganye.

"Baba, me kuka ƙara mata?"

"Toka mana. Kamar yadda muke yi a gida."

Na bayyana masa cewa rairayin Maraɗi yana son toka, amma ƙasar nan da ruwan famfonta cike suke da farar ƙasa tun asali. Tokar ta ƙara musu, har saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Magani shi ne a daina toka, a koma ruwan sama, a ƙara ruɓaɓɓen ganye.

Ya ce, "Ashe ƙasa ma tana da nata yaren."

Zaman kwamiti

Da la'asar shugabar kwamitin ta zo da mutum uku. Ban ɓoye cewa ganyen rama da na wiwi suna kama ba, domin duka a rarrabe suke kamar yatsu. Amma na nuna musu ƙananan ƙayoyin jikin karan, na murza ganye suka ji babu wari, na kuma nuna fure ɗaya da ya buɗe, mai kama da na kuɓewa. Shugabar ta ce filin yana nan a hannun Baba. Haƙuri kuwa babu wanda ya ba shi. Na buɗe baki zan nema masa, Baba ya riƙe hannuna.

"Lambun na zo riƙewa, ɗana, ba su ba."

Komawa

Na kwana a gidansu. Hajiya Rabi, matarsa, ta yi mana kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da safe kuma ta cusa mini damin rama guda cikin jaka. Sai a gar ɗin Lyon na tuna abin da nake ɗauke da shi, da na hango 'yan sanda biyu da kare a bakin jirgi. Na tsaya cikin layi. Karen ya sunsuni jakata, ya kau da kai, ya wuce.

Na isa gida kafin magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni, na gode wa Hajiya da karamcinta.