Liyarin da Ba a Karɓa

A unguwarmu ta Al-Sih da ke Madina, amaryar da ba Iya Sabuwa ce ta yi mata lalle ba sai an yi ta tambayar uwarta dalili. Shekarunta sun haura saba'in, hannunta bai taɓa rawa ba, bakinta kuma bai taɓa hutawa ba. Ni maƙwabciyarta ce, na sha faɗanta na ƙoshi, kuma ina sonta haka nan.

A Madina aka haife ta, Kano kuwa a bakin kakanta kawai ta san ta. Shi ya taso da ƙafa zuwa aikin Hajji da ɗamara cike da liyari, manyan kuɗin azurfan nan masu hoton wata mace mai kumatu. Ya ratsa Chadi da Sudan yana cin guzurinsa ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ne ya ƙi tafiya, don shi hoton namiji ne a jikinsa, mai dogon hanci da gashi har kafaɗa. Duk kasuwar da ya miƙa shi sai a juya, a ga babu matar, a ce jabu ne. Mai jirgin ruwa ma ya ƙi shi. Shi kaɗai ya iso Madina cikin duk abin da aka baro gida da shi.

Sabuwa ta gaje shi, tana rataye da shi a wuya ƙarƙashin riga. Kullum fargabarta ɗanta Zubair, mutumin kirki, amma ko tsohuwar tukunya ya gani sai ya tambayi nawa za ta yi a kasuwa. Abin da ya hana shi sayar da liyarin kawai, ya san jabu ne.

Wata ranar Juma'a jikarta Nadiya, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Larabci, ta ɗauki hoton liyarin da waya, ta bincika asalinsa. Ina zaune ina tsince ganyen lalle.

"Ya sitti, hada asli!" in ji ta, wato Kaka, wannan na gaske ne, azurfa ne. Ta karanto mana cewa kuɗin ƙasar Suwidin ne, na zamanin wani sarki Gustaf na Uku, wanda ya gyara musu kuɗi ya tsayar da su kan azurfa shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce. Kambuna uku da ke bayan liyarin tambarin ƙasarsu ne. Daga ƙarshe a wurin rawa aka harbe sarkin.

"Sarki da girmansa, me ya kai shi gidan rawa?" in ji Sabuwa. Ta yi dariya, sai kuma ta damƙe liyarin. Na ga tsoro a fuskarta, ni ma ya kama ni. "Ƙin da aka yi masa ne ya kawo shi nan. Yanzu an san na gaske ne, shi ma zai bi 'yan'uwansa."

Ba ta rufe baki ba Zubair ya yi sallama da ledar dabino. Ya ga wayar, ya ga abin a hannun uwarsa.

"Esh gal al-jawwal?" ya tambayi 'yarsa Nadiya, wato me wayar ta ce. "Yana da daraja?"

Nadiya ta kife wayar a cinyarta. Da Hausarta mai tuntuɓe, wadda rabon da in ji ta tun tana yarinya, ta ce, "Jabu ne, Baba. Ba mai karɓa."

Sabuwa ta mayar da shi cikin riga, ta ce yarinyar ta miƙo hannu a sa mata lalle.