Takalmin Yumɓu

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye can bayan Dogo-Dogo, 'yan ƙanana aka ba ni, irin waɗanda majinarsu ta fi su tsawo. Kafin wata ya mutu sun gane halina. Na gaya musu na taɓa kashe macijin da kansa ke Magariya, wutsiyarsa tana cin kasuwar Dungas. Suka yi ta birgima a ƙasa. Daga nan duk abin da na faɗa ya yi musu girma, sai su ce, "Mushe, labarin maciji!" Mushe kuwa haka suke kiran malami a can.

Wata rana na ce kowa ya nuna mini gwarzonsa. Takarda ba ta wadace mu ba, sai muka tafi bakin tabki muka ɗebo yumɓu. Don kada iyaye su ce ina koya wa yara ƙera gumaka, na hana a gina mutum. A gina abin da aka san shi da shi. Wani ya gina ludayin kakarsa, wani babur ɗin yayansa, wanda ya fi kama da akuya mai ciki. Wata yarinya da ba a cika jin muryarta ba ta gina takalmi ƙafa ɗaya, har da cinyewar dunduniya.

Na ce, "Na wa ne?"

Ta ce, "Na Baba. Da shi yake tafiya cin rani, ya dawo."

Na yi musu alkawari idan kayan sun bushe kowa zai kai wa gwarzonsa. Mai takalmin za ta jira saukar damina, lokacin dawowar ubanta. Har na dafa ƙirji na ce, "Wannan kam ba labarin maciji ba ne."

Direktan lakwal ɗin, wato shugaban makarantar, abokina ne tun muna yawo ba wando, kwano ɗaya muke ci. Ya ga kayan jere a kan katanga, ya ce in ara masa ya nuna a wani taro a Magariya. Na ce da alkawari a kansu. Ya ce, "Haba mutumina! Ni da kai?" Da hannuna na jera su a kwali, na zuba ƙaiƙayi don kada su fashe.

Ya dawo fuska kamar an naɗa shi gwamna, kwali kuwa wayam.

"Manyan baƙi sun yaba, sai na raba musu tsaraba."

"Har takalmin?"

"Kai, laka ce fa! Tabkin ya ƙafe ne?"

Daga baya na ji ya ce wa baƙin aikin yumɓun dabararsa ce. Wannan bai dame ni ba, na bar masa, ya haɗa da macijin.

Washegari na tsaya gaban yara, ni da bakina ba ya hutawa ko a barci, na rasa ta inda zan fara. Da na gama gaya musu an rabar da kayan, yarinyar ta ɗago kai.

"Mushe, ashe shi ma labarin maciji ne?"

Ba wanda ya yi dariya.

Na sake ɗebo yumɓu, ni kaɗai na yi dakonsa. Ta karɓa da ladabi, ta gina saniya mai tozo irin wadda kowane yaro ke ginawa, ta ajiye. Da ruwa ya sauka ubanta ya dawo, na gan shi ya wuce ta ƙofar lakwal da takalman nan a ƙafa.

Direkta har yau muna gaisawa. Kwano dai kowa da nasa.